Yadda ake bin sawun matsala idan fom ɗin shafi ya daina kai sunaye Mailchimp ko Brevo

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin manoma da ƙananan 'yan kasuwa a karkarar Kano da Jigawa sun fara buɗe shafuka a intanet, kama daga masu tara riɗi da zoɓo a yankin Gumel da Maigatari har zuwa masu casar shinkafa a Kura, kuma irin wannan shafi yakan ɗauki ɗan fom inda mai saye zai rubuta sunansa da adireshin imel domin a riƙa aiko masa da farashi da labarin kaya. Sau da yawa fom ɗin ba shi yake ajiye sunayen ba. Miƙa su yake yi ga wani kamfani wanda sana'arsa ita ce aika imel ga jama'a masu yawa a lokaci ɗaya, kamar Mailchimp na Amurka, wanda Intuit ya saya a 2021, ko Brevo na Faransa, wanda har zuwa 2023 ake kiransa Sendinblue. Idan haɗin ya tsinke babu wanda zai sanar da kai. Fom zai iya ci gaba da cewa an gode alhali jerin sunaye ya tsaya cak, sai ranar da wani dillali daga Legas ya kira sakataren ƙungiya ya ce, "Malam, na cike fom ɗinku tun kafin kaka, har yau ban ga saƙo ko ɗaya ba."

Abin da mutane suka fi garzayawa gare shi a wannan hali shi ne goge ƙaramar manhajar da take haɗa fom da kamfanin, wadda ake kira fulogin a WordPress, wato manhajar da ake gina shafuka da ita, a sake ɗora ta. Wannan ba kasafai yake magance komai ba, kuma yakan share alamun da za su nuna inda cutar take. Sunan da aka rubuta a fom zango huɗu yake yi: daga wayar mai cikewa zuwa shafi, daga fom zuwa fulogin, daga sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba shafin masauki, zuwa Mailchimp ko Brevo, sannan daga can zuwa akwatin imel na mutumin. Wanda ya aika buhunan riɗi Dawanau aka ce ba su iso ba, ba ya fara da canza mota. Tambaya yake ko an yi lodi, ko direba ya tashi, ko an sauke a wata rumfa da ba ita ba. Haka za a yi a nan, kuma kada a sauya komai sai an san zangon da sunan ya maƙale.

Gwajin kansa yana da ƙa'ida. A buɗe shafin a taga ta sirri a burauza, ba a wadda aka shiga a matsayin mai kula da shafi ba, domin a ga abin da baƙo yake gani. A yi amfani da adireshin da bai taɓa shiga jerin ba, kuma ba sai an buɗe sabon imel ba, domin Gmail yana ba da damar a ƙara alamar + da wata kalma, kamar gwaji1, kafin alamar @, saƙo ya zo akwati ɗaya amma kamfanin ya ɗauke shi sabon mutum. A rubuta lokacin da aka danna maɓallin aikawa, domin za a buƙace shi wajen duba kundin kurakurai. Bayan an gama, a Mailchimp a tura adireshin gwaji ma'ajiya kawai, kada a goge shi gogewar dindindin, saboda adireshin da aka yi wa haka ba ya sake shiga ta hanyar fulogin, kuma gwajin gobe zai faɗi a kan dalilin da kai ka haifar da hannunka.

Ya fi sauƙi a fara dubawa daga ƙarshe. A shiga asusun Mailchimp ko Brevo a nemi adireshin gwajin. Idan bai fito ba, kafin a yanke cewa bai iso ba, a duba ko an kunna tabbatarwa sau biyu, tsarin da yake aika wa mai rajista imel ya danna mahaɗi domin ya tabbatar shi ne ya nema. A Mailchimp wanda bai danna ba yana zama a matsayin mai jiran tabbatarwa, ba ya bayyana cikin masu rajista, ba a kuma aika masa komai. A ganina, a yankunanmu nan ya kamata a fara zargi kafin ko'ina. Da yawa daga cikin mutanenmu sun mallaki imel ne ranar da aka saita musu waya ko aka buɗe musu Facebook ko aka yi musu rajistar JAMB, harkarsu ta yau da kullum kuwa a WhatsApp take, don haka saƙon tabbatarwa da ya zo da Turanci, ya kuma faɗa akwatin Spam ko na tallace-tallace, zai iya shekara ba a buɗe shi ba. Babu abin da ya lalace a nan, bayani ne bai isa ba. Gyaran shi ne a sauya rubutun da fom yake nunawa bayan an aika, a sa shi da Hausa ƙarara, misali: "Saura mataki ɗaya. Buɗe imel ɗinka yanzu, ka duba har cikin Spam, ka danna maɓallin da muka aiko." Shi ma saƙon tabbatarwar ana iya sauya kalmominsa a cikin asusun, a haɗa Hausa da Turanci saboda masu saye na Kudu.

Wasu za su ce a kashe tabbatarwar kawai a huta. Ana iya yi, amma ni ba na gaggawar ba da wannan shawara, domin fom ɗin da ba shi da wannan kariya yakan cika da adireshin bogi da manhajojin ɓarna suke zubawa, da kuma adireshin da aka yi kuskuren harafi a ciki, kuma yawan saƙon da yake dawowa yana zubar da mutuncin mai aikawa a wurin Gmail. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ba amincewar mai bayani muhimmanci. Danna mahaɗin nan shaida ce mai kyau cewa mutum ya yarda.

Idan tabbatarwa ba ita ce matsalar ba, sai a koma kundin kurakurai na fulogin. A fulogin ɗin MC4WP, wanda ake haɗa WordPress da Mailchimp da shi, kundin yana ƙarƙashin sashen Other. A nemi layin da ya dace da lokacin da aka rubuta, a kula da lambar da ke jikinsa. Lamba 401 tana nufin kamfanin bai yarda da mabuɗin API ba, wato dogon jerin haruffa da lambobi da yake tsaye a matsayin izinin shafinka na shiga asusun. Mabuɗin Mailchimp yana ƙarewa da ɗan gajeren layi da wani abu kamar us6 ko us21, wanda yake nuna cibiyar da asusun yake, kuma wannan wutsiyar ce takan yanke idan an kwafa a waya, ko kuma fili marar komai ya manne a ƙarshe. Akwai wani dalilin da ya fi wannan ɓoyuwa. Mabuɗi yana ɗaure ne da mutumin da ya ƙirƙire shi, saboda haka idan matashin da ya gina wa ƙungiya shafin ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, aka cire shi daga asusun, mabuɗinsa ya mutu tare da tafiyarsa. Sai shugaba ko sakatare ya ƙirƙiri sabo da nasa sunan, ya kwafa nan take, domin Mailchimp sau ɗaya yake nuna shi cikakke. A Brevo kuwa mabuɗai iri biyu ne, na API yana farawa da xkeysib, na SMTP, wato na aika imel, da xsmtpsib, kuma sanya ɗaya a gurbin ɗaya kuskure ne da ake yawan yi. Brevo yana da tsarin tare duk adireshin IP, wato lambar da ake gane sabar da ita a intanet, da bai sani ba, don haka idan an sauya masaukin shafi kwanan nan, a duba sashen tsaro a ba sabon adireshin izini. Kada a tura mabuɗi a zauren WhatsApp na ƙungiya, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya kwashe jerin masu sayenku.

Lamba 404 yawanci tana nufin fom yana nuni ga jerin da aka goge ko aka sauya. A danna maɓallin sabunta jerin sunaye a fulogin, a sake zaɓar wanda ake so, a adana.

Lamba 400 ita ce mai rassa, kuma a nan karanta rubutun da ke gefenta ya zama dole. Tana nufin saƙo ya iso, mabuɗi lafiya lau, amma an ƙi abin da aka kawo. Kowane gurbi na fom yana da takwaransa a kamfanin, kamar FNAME na sunan farko, LNAME na sunan mahaifi da PHONE na lambar waya. Idan wani ya shiga Mailchimp ya mayar da wani gurbi wajibi alhali fom ɗin shafi ba ya tambayarsa, duk rajistar da ta zo za a mayar da ita. Gurbin ADDRESS ya fi kowa wahala a wurinmu, domin yana neman titi da gari da jiha da lambar gidan waya, abin da manomin da ke bayan masallacin Juma'a a ƙauyensu ba zai cike ba; ya fi kyau a ƙirƙiri gurbin rubutu na gama-gari a sa masa suna Gari. Gurbin zaɓi kuma yana buƙatar rubutun ɓangarorin biyu ya zo daidai harafi da harafi: idan fom ya ce B/Kudu, kamfanin kuma yana da Birnin Kudu, ko ɗaya ya rubuta Ɗambatta ɗayan Dambatta, kwamfuta abubuwa biyu take gani. Lambar waya a Brevo tana son lambar ƙasa, wato +234 sannan a jefar da sifilin farko. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su da matsala a cikin suna muddin shafin yana kan tsarin haruffa na UTF-8, amma idan madannin Hausa na waya ya sa ƙ ko ɗ a cikin adireshin imel, za a ƙi shi.

Wani lokacin adireshin ne kansa yake da tarihi. "Member Exists" yana nufin mutumin yana ciki tun da, sai a kunna zaɓin sabunta bayanan tsofaffin masu rajista. A Mailchimp wanda ya taɓa cire kansa daga jerin ba za ka iya mayar da shi da hannunka ba, shi ne zai sake nema ya tabbatar. Idan kuma an yi ta gwaji da adireshi ɗaya, Mailchimp yakan dakatar da shi na ɗan lokaci, ya ce ya yi rajista da yawa a kusa-kusa.

Idan abin da ke kundin ba lambar kamfanin ba ce, kalmar cURL ce, wato manhajar da sabar take tuntuɓar kamfanin da ita, to sabar ce ta kasa isa can. Kuskure na 28 jira ne ya yi tsawo har lokaci ya ƙare, na 6 ba a gano adireshin kamfanin ba, na 60 kuma takardar shaidar tsaro ce ba ta gasku ba. Mutane sukan ɗora wa raunin sabis na garinsu laifin wannan, alhali ba ruwansa, domin sabar tana wata cibiya mai nisa kuma ba da layin wayarka take magana da Mailchimp ba. A kwafi layin kuskuren yadda yake a aika wa kamfanin masauki, a roƙe su su duba ko shingen tsaronsu yana hana fita zuwa api.mailchimp.com ko api.brevo.com.

Raunin sabis yana da nasa wurin, shi ne zangon farko, kuma alamarsa ita ce kundin ba ya nuna komai sam, maɓalli yana ta juyawa ko shafi ya sake buɗewa ba tare da saƙo ba. A gwada da wani layin, a kuma gwada da Chrome idan da Opera Mini aka yi, domin tsarinsa na matse data sosai yana taƙaita aikin JavaScript, wato umarnin da shafi yake gudanarwa a cikin burauza, wanda yawancin fom da reCAPTCHA, tsarin tantance mutum daga manhajojin ɓarna, suka dogara da shi. Idan reCAPTCHA ne yake ƙi, a duba ko an yi rajistar mabuɗansa da sunan shafin na yanzu, musamman in an koma daga .com zuwa .com.ng. Sai kuma fulogin masu ajiye kwafin shafi domin ya yi saurin buɗewa. WordPress yana manna wa wasu fom wata lambar tsaro da ba ta wuce awa 24 ba, don haka kwafin da ya kwana biyu yana ɗauke da lambar da ta mutu. Alamar wannan ita ce fom yana aiki ga mai kula da shafi amma yana ƙin baƙi. A share kwafin, a kuma cire shafin da fom yake daga cikin waɗanda ake ajiyewa. In duk wannan bai yi ba, a ɗauki kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya, a riƙa kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, da dare lokacin da masu ziyara suka ragu.

Akwai halin da sunaye suna shiga lafiya amma saƙon maraba ba ya fita. A duba ko tsarin aikawa kai tsaye yana kunne, ko asusun ya haura iyakar shirin kyauta, wanda a Brevo imel 300 ne a rana, ko kuma katin banki ya kasa biyan kuɗin wata aka dakatar da aikawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharaɗi a kan masu aikawa, shi ya sa aika saƙon kasuwa ta waɗannan kamfanoni da adireshin da ya ƙare da gmail.com ba dabara ba ce. A yi amfani da adireshi mai sunan shafin ƙungiya, a kuma sanya bayanan DKIM da DMARC, masu tabbatar da cewa saƙon daga gare ku yake, waɗanda Mailchimp ko Brevo zai bayar, a wurin da aka yi rajistar sunan.

Bayan an gyara, saura waɗanda suka cike fom a lokacin da haɗin yake tsinke. Cikin fulogin masu gina fom, Contact Form 7 ba ya ajiye abin da aka aiko sai an haɗa masa wani fulogin mai suna Flamingo, WPForms kuma a nau'insa na kuɗi ne ake ganin bayanan a cikin shafi. Idan akwai ajiya, ko kuma fom ɗin yana turo wa sakatare kwafi ta imel, a tattara sunayen a fayil ɗin CSV, wato jadawalin da ake iya adanawa daga Excel, a cire na gwaji da na bogi, a shigar da waɗanda suka nemi a riƙa aiko musu kaɗai, sannan saƙon farko ya gaya musu a taƙaice cewa sun yi rajista a shafin ƙungiya, da kuma dalilin da ya sa sai yanzu suke ji daga gare ku.