Yadda za a koya wa ɗan aji huɗu karatu idan manhaja ta wuce shi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya shekara tara a makaranta kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma zama a aji daban, iya karatu daban. A makarantun gwamnati da dama za ka tarar da ɗan aji huɗu yana kwafe duk abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, ka nuna masa kalma ɗaya a ciki ka ce ya karanta, sai ya yi tsuru-tsuru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malami yana bin manhajar ajin da aka ba shi, ƙarshen shekara kuma a ciyar da kowa gaba. Yaron da bai kama baƙi da wasali a aji ɗaya ba, babu wani darasi a gaba da aka tanadar masa ya dawo ya kama.

Maganin da makaranta za ta iya yi da kanta shi ne ware awa ɗaya kullum, a raba yara bisa abin da suka iya, a manta da ajin da suke. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan tsari, kuma an yi amfani da shi a jihohin Arewa irin su Borno da Kano. Ya fi dacewa da 'yan aji uku zuwa biyar.

Gwajin farko

A rubuta takarda ɗaya da manyan haruffa masu fitowa sosai, cikin Hausa, mai kashi huɗu: haruffa 10, kalmomi 10 masu gaɓa biyu, sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. Yaro ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, minti uku zuwa biyar ya isa. A fara da sakin layi. In ya karanta shi ba tare da kuskure ya wuce uku ba, a kai shi labari. In ya kasa, a sauko kan kalmomi, ya zaɓi biyar, ana bukatar huɗu daidai. In nan ma ya kasa, sai haruffa, da ƙa'ida iri ɗaya. A rubuta matakin ƙarshe da ya iya a gaban sunansa.

Abin da ke ɓata wannan gwaji guda biyu ne. Na farko, ɗauko jimloli daga littafin aji: yaran sun haddace su da amshi, za su rera maka su ko da idonsu a rufe. Na biyu, tsoro. A ajiye bulala, kada a kira shi jarrabawa, kada a gwada yaro sauran suna leƙe. A tanadi takarda iri biyu, domin na farko yana fita zai faɗa wa abokansa abin da ke ciki.

Daga nan a yi rukuni uku: waɗanda suka tsaya a haruffa ko ba su kai nan ba, masu kalma da sakin layi, sai masu labari. Makarantar da ke da yara 150 a azuzuwan nan uku da malamai uku ba ta bukatar ƙarin ma'aikaci, musayar yara kawai za a yi na awa ɗaya. Malamin da ya fi haƙuri da ƙwarewa shi za a ba rukunin farko, duk da cewa an saba tura wa sabon malami irin wannan aiki. Lokacin kuma ya kasance da safe kafin tara. Bayan tashi ba ya yiwuwa, ga Islamiyya, ga talla, ga gona.

Cikin awar

Minti 10 na farko malami ya karanta ɗan labari da murya, yana bin kalmomin da yatsa, ya yi wa yara tambaya a kai. Minti 20 na gaɓoɓi, 15 na haɗa kalmomi, 15 na rubutu.

A rukunin farko sautin harafi ake koyarwa. Yaron da aka koya wa “bi” da “e” irin na Turanci ba zai taɓa fitar da “ba” daga haɗuwarsu ba. Kuma ba dole a bi jerin abacada ba. Haruffa huɗu kacal, a, n, k, m, suna ba da nama, kama, naka, mana, kaka, har da jimla: “Mama na nan.” Yaro ya karanta jimla da kansa a makon farko, wannan shi ke dawo da shi aji gobe. Harafi biyu ko uku a mako ya wadatar. Kada a haɗa b da d a mako ɗaya, don su ne yara suka fi juyawa. Haruffa masu lanƙwasa kuwa a koyar da su da kalmomin da ma'ana ke sauyawa: kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Sh, ts, ky da gw a nuna su a matsayin sauti ɗaya kowanne.

Kayan aikin ba su da tsada. Kwalin kaya da aka yanka kamar tafin hannu, a rubuta gaɓa ɗaya a kowanne. Jadawalin gaɓoɓi a bango, baƙaƙe a tsaye, wasula biyar a kwance. Sai dai malami ya riƙa nuna gaɓa a tsallake, ya kira yaro ɗaya ya faɗa. Da zarar aji ya ɗauki “ba be bi bo bu” da waƙa, 'yan gaba biyar ne ke karatu, sauran amshi suke. A zaunar da yara shida-shida a ƙasa da katuna 20, su fitar da kalmomi gwargwadon iyawarsu. Wanda ba shi da littafi ya yi rubutu a rairayi ko a siminti da alli.

Yaron da ya yi nisa a makarantar allo yana da riba da ba a cika lura da ita ba: ya riga ya san yadda wasali ke hawa baƙi ya ba da sauti. Abin da yake bukata shi ne siffar haruffan boko da sabon farawa daga hagu.

Rukuni na biyu matsalarsu sauri ce. Suna tsintar kalma gaɓa-gaɓa, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. A ba su gajeren rubutu ɗaya su karanta sau uku, bibbiyu, ɗaya na saurarar ɗaya. Na uku su karanta labari, su ba da shi da bakinsu, su rubuta jimla biyar a kai. Idan littattafan Hausa sun yi ƙaranci, hedimasta ya tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), domin shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi a Katsina da Zamfara sun samar da irin waɗannan littattafai na azuzuwan farko.

Duk bayan mako biyu a sake gwaji da sabuwar takarda, wanda ya haye a matsa da shi nan take. Nan ne makarantu da yawa ke sakaci, rukunin ya daskare ya koma “ajin daƙiƙai”, yara su fara gudunsa. Wanda ya yi mako shida bai motsa ba, a fara duba rajista kafin a zarge shi: sau da yawa ranar kasuwa ce ko aikin damina ke cinye masa kwanaki, kuma wannan maganar kwamitin kula da makaranta ce da iyaye. In yana zuwa kullum, a dawo da shi gaban allo a ga ko matsalar ido ce ko ta kunne.

Turanci yana shigowa ne bayan yaro ya iya karanta labarin Hausa ya kuma faɗi abin da ya fahimta. A lokacin a nuna masa a fili inda harsunan suka rabu: c ta “ciki” ba ita ce ta Turanci ba, kuma wasali ɗaya a Turanci yana iya ɗaukar sauti fiye da ɗaya.