Yadda ake bin labarin jinyar 'yan hokin ƙanƙara daga nan Legas ba tare da koci ya raina maka hankali ba

Na san abin da za ku fara cewa, wai mutumin da iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce ta cikin kular mai fiya wata, me ya haɗa shi da wasan da ake yi a kan ƙanƙara. To ni zaman jiran mota ne ya ja min. Harkar kayan gwari nake yi a Mile 12, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san motar tumatir da tattasai daga Arewa ba ta da agogo, direba zai ce maka ga shi ya wuce Ibadan ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku kana nan kan benci sauro na ta shagali da ƙafarka. A irin wannan daren na fara cin karo da bidiyon gasar NHL ta Amurka da Kanada, na ga ƙatti suna gudu a kan takalmi mai wuƙa suna bin wani baƙin faifan roba da bai wuce gwangwanin folish ɗin mai shushaina ba, tun daga ranar ban sake ba. Idan 'yan teburin mai shayi suka dame ni da tsiya sai in ce musu ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, Akim Aliu kuma a Okene, shi kuwa Jarome Iginla da ya ci ƙwallo 625 ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, babansa Bayarabe ne. Nan dai suke yin shiru na minti biyu su koma musun Arsenal.

Ka fara da gyara lissafin lokaci, don nan ne sabon shiga ke fara shan wuya. Wasan da aka sa ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, ƙarfe ɗaya na dare ne a Legas daga Nuwamba zuwa farkon Maris, in suka juya agogonsu sai ya dawo sha biyun dare, mu namu agogon ba ya motsi. Na yammacin ƙasar irin su Vancouver da Los Angeles sai uku ko huɗu na asuba, kuma wasa kan ci kusan awa biyu da rabi duk da cewa zubi uku ne na minti 20, wato ladan zai kira salla ana tsaka da zubi na biyu. Shawarata kada ka ce duk sai ka kalla kai tsaye, kulob 32 ne kuma kowanne yana buga wasa sama da 80 daga Oktoba zuwa Afrilu, jikinka ba ƙarfe ba ne. Da safe ka buɗe shafin NHL na YouTube ka kalli taƙaitaccen wasan na kamar minti goma a cikin danfo, goslon Ketu zuwa Ojota kaɗai ya ishe ka wasa uku. Sai dai fa in ka rage ingancin hoton zuwa 360 don tattalin data, faifan ɓacewa yake yi gaba ɗaya, sai ka koma bin inda kawunan 'yan wasa suka juya. Daren da za ka yi kallon kai tsaye kuma ka cika fawa bank tun da rana, an sha ɗauke min wuta ana ƙarin lokaci.

Yanzu ga ainihin maganar. A ƙwallon ƙafa mun saba a ce mana wane ya samu tsagewar tsoka a cinya, sati uku zai yi. A hoki ba haka ba ne, koci zai tsaya gaban 'yan jarida fuska a murtuke ya ce ciwon saman jiki ne, ko ciwon ƙasan jiki ne, shi ke nan ya gama magana. Saman jiki na iya zama ɗan yatsa, na iya zama kafaɗa, na iya zama kai. Dalilinsu wai in abokan hamayya suka san wuyan hannun hagu ne ke ciwo, nan sandarsu za ta dinga sauka. Don haka kalmar bakin koci kada ka ɗora mata kaya da yawa. In ya ce de-tu-de, wato yau ko gobe, yana iya zama gobe ɗin, yana iya zama wata guda ana yau ko gobe kamar mai bashin da ya ce ka dawo bayan la'asar. In ya ce sati-sati ka cire rai na ɗan lokaci. In ya ce wata-wata kuwa, Allah ya ba shi lafiya kawai.

Abin da ba ya ƙarya shi ne takarda. In kulob ya saka ɗan wasa a jerin masu jinya da suke kira IR, doka ce sai ya yi aƙalla kwana bakwai a waje. In LTIR ne, na doguwar jinya, sai ya rasa aƙalla wasa 10 da kwana 24, ko da ya warke a daren. Sannan ka sa ido kan wanda aka ɗauko daga ƙaramar gasa ta AHL, in koci yana cewa babu komai ɗan ƙaramin abu ne amma ka ga da yamma sun kira wani matashin gola daga ƙasa, to kai ma ka san akwai komai. Shafin PuckPedia na nuna wa ke jerin jinya da lissafin albashi, Daily Faceoff kuma na nuna yadda aka jera 'yan wasa da golan da zai tsare raga. Cikin 'yan jarida Elliotte Friedman na Sportsnet da Pierre LeBrun da Darren Dreger su ne in suka faɗa sai ka riƙe, amma ka duba sunan akawun ɗin harafi da harafi a X, akwai 'yan zaman banza masu buɗe na bogi da hoton mutum su rubuta an yi wa wane tiyata, ni kaina na taɓa tura irin wannan wa ƙanina da tsakar dare, da gari ya waye na rasa inda zan sa fuskata.

Dawowa kuma tana da matakai, in ka san su ba ka buƙatar kowa ya yi maka duba. Da farko za ka ji an ce yana zamiya shi kaɗai kafin sauran su fito tirenin. Sai ya shiga cikinsu amma da riga mai kala daban, alamar kada kowa ya bangaje shi, kalar ta danganta da kulob. Ranar da ya cire wannan rigar ya sa irin ta kowa, an kusa. Ranar da ka ji a atisayen safiyar wasa an sa shi a layinsa na da, wato cikin abokan da ya saba fita fili tare da su, ko cikin biyar ɗin da ke fita in an kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu, to ka saita alam. Bayan wasan kada ka tsaya kan ya ci ko bai ci ba, duba mintocin da ya buga. Babban ɗan gaba kan yi kusan minti 20, in ka ga 11 ko 12 ana lallaɓa shi ne.

Wani abin da na koya da tsada shi ne ka tambayi kanka wane irin ciwo ne, ƙashi ko wanin ƙashi. Mu da muka taso muna ganin masu ɗori mun san ana cewa gara karaya da mugun targaɗe, to a nan ma haka take. Nuwamba 2024 Alex Ovechkin na Washington Capitals ya karye a siririn ƙashin ƙwaurinsa na hagu a wasa da Utah, yana da shekara 39, saura masa ƙwallo 27 ya wuce 894 ɗin Wayne Gretzky, wanda a lokacin ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar. Na buga ƙirji na ce wa ƙanina, wanda ni na koya masa kallon ma, wallahi bana dai an gama, tsoho da karaya ina zai kai. Yaron nan ya ce yaya ƙashi ne fa, ƙashi haɗewa yake yi. Wasa 16 mutumin ya rasa, ƙarshen Disamba ya dawo, ranar 6 ga Afrilu 2025 ya zura ta 895 a ragar New York Islanders, kuma don a ƙara min haushi wasan rana ne a can, da yamma ne a nan, ina cikin lissafin kwanduna wayata ta fara ruri. Har yau in muka yi musu sai ya ce yaya tuna ƙwauri.

Kai kuwa ba shi da ranar warkewa. Sidney Crosby na Pittsburgh Penguins ya sha bugu biyu a kai a farkon Janairu 2011, ƙwaƙwalwa ta girgiza, bai sake bugawa ba sai 21 ga Nuwamba. A daren da ya dawo ya ci biyu ya bayar aka ci biyu, duniya ta ce shi ke nan sarki ya dawo. Cikin Disamba ciwon ya sake tasowa, ya koma zama har tsakiyar Maris 2012. Daga baya dai ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, a 2016 da 2017, amma darasin shi ne in ciwon kai ne kada ka yi guɗa a wasan farko, ka jira ka ga ya yi sati uku ana bangazarsa yana tashi. Kuma in ka ga an fitar da ɗan wasa zuwa ɗaki bayan an buge shi alhali shi yana nuna lafiyarsa ƙalau, akwai mutanen da gasar ta ajiye aikinsu kenan, su hango alamar buguwar kai su sa a cire mutum a duba shi.

Akwai kuma dawowar da ke da ƙanshin dabara. Kowane kulob yana da iyakar albashin da ba zai wuce ba, amma wanda ke LTIR ana samun sarari a lissafin a ɗauko wani, kuma a da wannan iyakar ba ta aiki a zagayen neman kofi da ake yi bayan wasannin kaka. Nikita Kucherov na Tampa Bay Lightning an yi masa aiki a ƙugu, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2021, ana shiga zagayen kofi sai ga shi garau a wasan farko, ya fi kowa maki da 32, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya bayar aka ci, suka ɗauke kofin. Ciwon gaskiya ne, tiyatar ma gaskiya ce, lokacin warkewar ne ya zo daidai kamar an auna da mudu. An yi ta surutu shekaru har a yarjejeniyar 2025 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka sa iyakar albashi ta shafi zagayen kofi.

In kakar ta ƙare kada ka rufe waya, kwana biyu ukun da ke biyo bayan an cire kulob su ne ranakun tonon asiri. A nan ne aka ji Patrice Bergeron na Boston ya buga wasan ƙarshe na 2013 da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, har da huda a huhu. Matthew Tkachuk na Florida ya buga wasa a zagayen ƙarshe na 2023 da karyayyen ƙashin ƙirji. Su 'yan hoki abin alfahari ne a wajensu, ni kam wani lokacin gani nake ganganci ne, amma aƙalla yana hana ka saurin zagin ɗan wasan da ka ga ya yi sanyi a watan Mayu. Tsofaffin masoya kuma kullum labarin Mario Lemieux suke kawowa, wanda aka gano yana da ciwon daji a Janairu 1993, ranar 2 ga Maris ya gama gashin ƙarshe a asibiti da safe, da dare ya buga a Philadelphia ya ci ƙwallo, ya ƙare kakar yana kan gaba da maki 160 a wasa 60.

Wanda ni na gani da idona shi ne Gabriel Landeskog, kyaftin ɗin Colorado Avalanche. Ya ɗaga kofi a Yunin 2022, daga nan gwiwa ta ƙi, a 2023 aka yi masa dashen guringuntsi, kaka uku cur babu shi, ni har na daina duba sunansa. Sai ga matakan nan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana zamiya shi kaɗai, ya shiga tirenin, sannan aka tura shi ya gwada ƙafa a AHL da Colorado Eagles, a nan na ce wa ƙanina wannan karon da gaske ne. Ranar 23 ga Afrilu 2025 ya fito a wasa na uku na zagayen kofi da Dallas Stars, bayan kwana sama da dubu. A wajenmu dare ya riga ya tsala, ina kan buhun albasa da iyafis a kunne ɗaya, ɗayan kunnen na jiran hon ɗin mota, fitowarsa ta farko ya je ya bangaje Mikko Rantanen, tsohon abokin wasansa da ya koma Dallas, na yi wata ƙara har maigadin layinmu ya taso da tocila yana tambaya Alhaji lafiya, ɓarawo ne? Dallas ce ta ci wasan a ƙarin lokaci, a wasa na huɗu shi kuma ya zura tasa. Motar tumatir ɗin sai bayan asuba ta iso, rabin kwandunan ƙasa sun fara ruwa.