Yadda ake zaɓar injin numfashi ga mai ɗaukewar numfashi cikin barci

Idan maigida na minshari kamar janareta, sai ki ji ya yi tsit na wasu daƙiƙoƙi sannan ya zabura yana haki, da rana kuma gyangyaɗi ko a wajen aiki, to maƙogwaronsa ne ke rufewa in barci ya yi nauyi. Abin na jawo hawan jini, ba wasa ba ne.

Matakin farko gwajin barci ne, kar a fara da sayen inji. Likita zai ƙirga sau nawa numfashin ke tsayawa ko raguwa a awa ɗaya, 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 kuma ya yi tsanani.

Daga nan sai a duba wane inji ya dace. CPAP shi ne na asali, wani likita Colin Sullivan ya fito da shi a Ostareliya a 1981, iska yake hurawa da ƙarfi iri ɗaya duk dare don hanyar ta zauna a buɗe, kuma likita ne zai saita lambar ƙarfin iskar, yawanci tsakanin 4 da 20. APAP shi da kansa yake ƙara ƙarfin ko ya rage gwargwadon yadda kake numfashi, ni dai shi na fi so ga wanda yake nesa da asibitin da za a riƙa saita masa. BiPAP yana da ƙarfi biyu, babba in za ka shaƙa, ƙarami in za ka fitar, ana ba wanda CPAP ya gagare shi ko mai ciwon huhu, ya fi tsada kuma. Injin oksijin ɗin nan na asibiti fa daban ne, ba ya buɗe maƙogwaro.

Sai takunkumin, nan ne mutane suka fi karaya. Akwai na hanci kawai, akwai mai ɗan toshi biyu a bakin hanci, akwai mai rufe hanci da baki ga wanda ke barci baki buɗe. Masu gemu su gwada na hanci tukun don iska na zurarewa ta gashi. Ka fara sa shi da rana kana zaune na ɗan lokaci har ka saba, sannan da dare a ƙalla awa 4.

Wuta kuma sai an tanadi inbata ko batirin sola, in caji ya yi ƙasa a kashe ɗumama ruwan da injin ke yi don jiƙa iskar, don shi ya fi cin wuta. Da hunturu a riƙa duba matatar iskar, ƙura na cika ta da wuri, ruwan da za a zuba kuma tatacce na kemis.

In na gwanjo za ka saya ka bincika lambar da kamfani ya buga a jikinsa, a 2021 kamfanin Philips ya janye wasu injinansa saboda soson ciki na marmashewa, bututu da takunkumi kuwa sababbi za ka nema.