Yadda Za Ka Kare Iyalinka Idan Mahaukaciyar Guguwa Da Ƙanƙara Suka Afka Wa Ƙauye

Guguwar da ake magana a nan ba irin ta rani ba ce, mai murɗa ƙura a fili ta kwashi ganye ta wuce. Wannan daga cikin hadari take saukowa kamar mazurari, kanta a gajimare, ƙafarta a ƙasa, kuma mafi ƙarfinta gudun iskarta kan haura kilomita 320 a awa ɗaya. Amurka ce ta fi ganinta, sama da sau 1,000 a shekara, amma wadda ta fi kisa a tarihi a karkarar Bangaladash ta sauka, ranar 26 ga Afrilu 1989, ta hallaka mutum kusan 1,300 a yankin Daulatpur da Saturia.

Mataki na farko, tun gari na wasai ake yin sa: zaɓi mafaka. Nemi ɗakin da ya fi ƙarfin gini, wanda yake tsakiyar gida, ba taga, ba kusa da babbar bishiya ba. Ƙaramin ɗaki ya fi babba, don bangonsa na riƙe juna. Idan gidanka na kwano ne ko na kara, yi magana da maƙwabcin da ke da ginin siminti tun yanzu. Kowa a gidan ya san wurin, har ƙaramin yaro. A ajiye tocila, ruwan sha da bargo a ciki.

Na biyu, koyi karanta hadari. Sama ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci da ratsin kore. Gindin gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa yana juyawa. Ƙanƙara manya-manya ta fara zuba. Sai kuma rugugi irin na jirgin ƙasa, wanda ba ya yankewa kamar tsawa. Ita ƙanƙara tana samuwa ne idan iska mai ƙarfi ta cilla ɗigon ruwa can sama inda sanyi ke daskarar da shi, ya yi ta ƙara kauri har ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. Girman ƙanƙara ke nan yana gaya maka ƙarfin hadarin da ke kanka. Kada a raina ta: a Gopalganj ta Bangaladash, a 1986, an samu mai nauyin kilo ɗaya, kuma mutum 92 suka rasu.

Na uku, da ganin alama a shige, ba jira. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Wani zai ce bari ya kwance saniya, wani ya hau rufi ya danne kwano da dutse, wani kuma ya tsaya ɗaukar bidiyo da waya. Abin da ke kashe mutane galibi ba iskar kanta ba ce, kayan da ta kwaso ne: kwano, katako, reshen bishiya. Kwanon rufi idan iska ta ɗauko shi, da shi da adda ba bambanci. Dabbobi, in za a shigar da su, tun hadari na nesa ake yi. Ya riga ya iso, a bar su. A cikin ɗaki a durƙusa ƙarƙashin tebur ko gado mai ƙarfi, a rufe kai da wuya da hannu, a ja katifa a lulluɓe yara. Maganar nan da ake yi cewa a buɗe tagogi don kada gida ya fashe, ɓata lokaci ce kawai.

Idan a gona ko wajen kiwo ta riske ka, kada ka fake a gindin bishiya, ga aradu ga karyewar reshe. Kada ka shiga ƙarƙashin gada, iska ta fi matsewa a wurin. Nemi kwari ko rami, ka kwanta rub da ciki, ka kare kai, amma ka sa ido kan ruwa, domin kwari na saurin cika. Mai babur ya sauka. Ba a tsere da guguwa, tana iya canja hanya ba zato.

Na huɗu, bayan ta lafa. Ƙirga mutanenka, sannan a leƙa maƙwabta, musamman tsofaffi. Sa takalmi mai kauri saboda ƙusa da fasasshen gilashi. Wayar lantarki da ta faɗi, a ƙaddara cewa akwai wuta a jikinta. Wanda ya bugu a wuya ko baya kada a ɗaga shi sai in gini na shirin faɗo masa. Bangon da ya tsage kada a kwana ƙarƙashinsa. Rijiyar da tarkace ko mushe ya faɗa, a daina shan ruwanta sai an yashe, kafin nan a tafasa abin da za a sha.

Gona kuwa, kada ka yanke mata hukunci washegari. Shukar da ƙanƙara ta yayyaga ganyenta takan zama abin tausayi a ido, amma ƙaramar masara, muddin zuciyar karan ba ta lalace ba, tana sake toho. Ba ta mako guda zuwa kwana goma, sannan ka tsaga kara kaɗan ka duba. Ka ga ciki fari da tauri, tana da rai. Ka ga ya yi baƙi ya ruɓe, sai a fara shirin sake shuka.