Yadda zaka kalli zanen yaro mai keken mafici har ya shiga ranka

Akwai wani mai zane ɗan ƙasar Sin, sunansa Feng Zikai, an haifeshi a 1898 a lardin Zhejiang ya rasu a Shanghai a 1975, kuma yawancin abinda yasa mutane suke sonshi har yau zanen 'ya'yansa ne da yayi da baƙar tawada da burushi. Wanda nakeso ku nema shine na ɗansa Zhanzhan, yaro ya samu mafici guda biyu irin na ganyen kaba, ya saka ɗaya gaba ɗaya baya tsakanin ƙafafunsa, shi a wajensa ai keke ne yake tuƙawa. Shikenan zanen. Amma in baka san yadda ake kallonsa ba zaka wuce cikin sakan biyu kace mene abin gani anan.

Ka rubuta sunan mutumin a Google tare da sunan yaron, in hoton ya fito kada ka tsaya a ƙaramin nan, ka buɗeshi ya cika fuskar wayarka, in da kwamfuta ma yafi. Sai ka ɗan dakata kafin ka nemi bayani, ka bar idonka ya gano da kansa cewa waɗannan zagayen guda biyu ba tayoyi bane. Daɗin gaba ɗaya yana wannan lokacin da ka gane, don haka kada ka bari wani ya riga ya faɗa maka komai.

Daga nan ka bi layin. Tawadar Sin daga baƙin hayaƙi da danƙo ake haɗata, a goga a dutse da ruwa, kuma in ta hau takarda ta hau kenan ba'a gogewa, babu zancen gyara. To ka duba inda layi yayi kauri, nan ya danna burushi, inda ya sirance kuma hannu ne ya wuce da sauri. Wallahi in ka bi layin bayan yaron a hankali zakaji kamar kana ganin hannun mahaifin yana sauri kada yaron ya tashi ya canza wasa, don yara ai basa tsayawa a zanasu.

Abinda yake ɗaure ma sabon mai kallo kai shine fuska. Sau da yawa Feng baya saka ido ko hanci, wani lokacin ɗan baki kawai, wani lokacin ma fuskar wayam. Wannan ba kasawa bace, yaje Japan a 1921 yaga aikin Takehisa Yumeji wanda yake zane da 'yan layuka kaɗan, abin ya kamashi sosai. Saboda haka ka nemi murnar a jiki, a yadda ƙafafu suka buɗe da yadda hannu ya riƙe maficin da gaske kamar mai tsoron faɗuwa. Ni a ganina wannan yafi murmushin da ake zanawa ƙato a fuskar yara a littattafan makaranta, don yaro in yana cikin wasa sosai ba dariya yake ba, aiki yake. Duk wanda ya taɓa hawa dokin kara ya san haka.

Farin wajen da aka bari shima ka kalleshi, babu kayan ɗaki babu komai, an barwa yaron fili ya tuƙa inda yaga dama.

In ka gama da wannan ka nemi na 'yarsa A Bao, wadda ta cire takalminta ta haɗa dana 'yar'uwarta ta sakawa kujera mai ƙafa huɗu, ita kuma babu takalmi a ƙafarta. Rubutun da yake gefe maganar yarinyar ce, wai ita ƙafarta biyu kujera huɗu. Ka saba duba gefen zanensa, rubutun da zanen duk da hannu ɗaya da tawada ɗaya akayisu, ko baka iya karanta Sinanci ba ka saka a manhajar fassara.

Sannan ka nunawa ƙaramin yaro a gida zanen keken ba tare da kace komai ba, ka tambayeshi me wannan yake yi. Ka bashi biro da takarda, kaima ka ɗauki naka ku gwada kwaikwayon keken, sharaɗi ɗaya ne, ba gogewa ba sake layi.