Yadda Nake Koyar da Darasin Ɗaɗɗoya a Ajin Nazarin Littafi Mai Tsarki

Duk ranar da zan koyar da wannan darasi, sai na tsinko ɗaɗɗoya a bayan ɗakin girkinmu, in ɗaure ta dami ɗaya da zare, in haɗa da ƙwarya da ruwa. Idan kai ma za ka koyar, kada ka je hannu rabbana.

Da farko ka gaya wa ajin cewa ganyen da Littafi Mai Tsarki ke kira ezob da Ibrananci, wanda ake fassarawa da ɗaɗɗoya, ba ɗaɗɗoyarmu ba ce sak. Masana da yawa suna ganin wani ɗan tsiro ne mai ƙamshi da ke fitowa a tsakanin duwatsun Falasɗinu da Siriya, wanda Larabawa ke kira za'atar. Danginsu ɗaya da ɗaɗɗoya. Ganyensa na da gashi-gashi mai riƙe ruwa, shi ya sa ya dace da yayyafi. Tsoma damin a ƙwarya, ka yarfa a ƙasa, kowa ya ga yadda ɗigon ke watsuwa.

Daga nan a buɗe 1 Sarakuna 4:33, inda aka ce Sulemanu ya yi magana a kan itatuwa, tun daga al'ul na Lebanon har zuwa wannan tsiro da ke fitowa a jikin bango. Wato shi ne ƙaramin cikinsu. Da shi kuma aka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa a daren Ƙetarewa, wato daren da Isra'ilawa suka fita daga Masar, a Fitowa 12:22.

Inda nake daɗewa shi ne Littafin Firistoci 14 da Littafin Ƙidaya 19. A na farko, inda ake maganar tsarkake mai ciwon fata, firist zai sa a kawo tsuntsaye biyu masu rai, da itacen al'ul, da jan zare, da ganyen. A yanka tsuntsu ɗaya a kan ruwa mai gudu da aka zuba a tukunyar ƙasa, a tsoma sauran a jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, sannan a saki mai ran ya tashi. A nan nake tsayawa in tambaya: lokacin da ake wannan, mutumin yana da ciwon fatar ko ya warke? Kusan kullum sai a ce yana da shi. A sake karanta aya ta 3. Ya riga ya warke! Ganyen bai yi masa magani ba, hanyar komawa cikin jama'a aka buɗe masa. Ina nanata wannan sosai, domin na taɓa ganin 'yar'uwa da ta sayi kwalbar ruwa da tsada wai na tsarki ne, ta bar shan maganin asibiti, abin ya dame ni ƙwarai.

A Ƙidaya 19 kuwa, wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana bakwai. Ana yayyafa masa ruwan da aka haɗa da tokar jar karsana, a rana ta uku da ta bakwai. Sa wani ya karanta aya ta 18 a hankali: mai tsarki ne zai ɗauki ganyen. Wanda ya ƙazantu ba ya yayyafa wa kansa.

Sai bayan an fahimci wannan nake bari a taɓa Zabura 51:7, inda Dawuda ya roƙi Allah ya tsarkake shi da wannan ganye. Dawuda sarki ne, amma bayan zinar da ya yi da Batsheba da zuwan annabi Natan don ya tsauta masa, roƙo yake Allah ya riƙe damin da hannunsa, domin shi ba shi da tsarkin da zai riƙe.

A ƙarshe in miƙa damin ga wanda ya fi kowa ƙuruciya a ajin, ya riƙe shi yana karanta Yahaya 19:29, inda aka soka soso mai ruwan tsami a sandan wannan tsiro aka kai bakin Yesu, a lokacin Idin Ƙetarewa. Ba na ƙara bayani a wurin. Nakan bar su su yi shiru na ɗan lokaci, sannan mu yi addu'a.