Yadda ake fiddo biro daga guntun katako: jagora ga sabon shiga

Biron farko da na yi bai shiga aljihun kowa ba. Guntun maɗaci ne na tsinta a ƙarƙashin bencin wani kafinta, na huda shi, na liƙa masa bututu, na ɗora a inji ina ta murna. Saura ƙiris in gama sai na ji "ƙas!", katakon ya tsage ya yi tsalle, ya bar mini bututun tagulla tsirara yana ta juyawa. A ranar na ɗora laifin a kan riƙon kurfina. Sai da na fasa na biyu na gane ashe tun wajen shafa gam na yi asarar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan aiki ita ce huda, da liƙi, da daidaita baki. Juya katakon a inji, wanda shi ne ke burge mai kallo, shi ne mafi sauƙi.

Aikin ya fi ƙarfi a Amurka da Ingila, inda mutane ke yinsa a garejin gida don nishaɗi ko don ɗan ciniki. Kamfanoni irin su Penn State Industries da Craft Supplies USA a Amurka, da Axminster a Ingila, suna sayar da ƙarafan biron a ƙunshe cikin 'yar leda: tsinin baki, zoben tsakiya, maƙalin aljihu, hular sama, abin murɗawa, bututun tawada, da bututun tagulla. Kai riga kawai za ka ɗinka wa biron, rigar katako.

Abin da za ka tanada

Ka fara da samfurin da ake kira Slimline. Shi ne mafi araha, don haka in ka lalata ba za ka kwana kana tsaki ba. Bututunsa biyu ne, kowanne ya ɗan haura santimita 5, ana huda masa rami da bakin huda mai milimita 7, kuma tawadarsa irin ta biron kamfanin Cross ce. Ka sayi guda goma, ka haɗa da ƙarin bututu, domin bututu ne ke tafiya da katakon da ya fashe. Akwai Sierra mai bututu ɗaya da tawada irin ta Parker, ya fi cika hannu, amma bakin hudarsa da bushinsa, wato zobban awon kauri, daban ne. Bar shi sai hannu ya faɗa.

Sai injin juya katako, ƙanin wanda ake fiddo ƙafafun kujera da na gado da shi. Ƙarami na kan tebur ya isa. Abu biyu za ka duba kafin ka biya kuɗi. Na farko wuta: injin da aka yi don kasuwar Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, saboda haka na kasuwar Ingila ko Turai ya fi dacewa. Na biyu ramin kan injin, ko MT1 ne ko MT2, domin dole sandar da za ka saya ta dace da shi. Wannan sanda, da ake kira mandirel, siririn ƙarfe ne da ake zura katakon a jikinsa, tare da bushi uku, wato 'yan zobban ƙarfe masu nuna maka iya kaurin da za ka tsaya.

Ragowar kayan: kurfin sassaƙa mai baki kamar kwami, abin share bakin bututu, zarto, injin huda, sanfefa daga lamba 150 zuwa 600, gam mai haɗi biyu irin Araldite, sufa gulu mai ruwa-ruwa, bais (ƙarfen damƙe aiki a kan benci), tabarau da takunkumin ƙura. Kurfi ɗaya mai kaifi ya fi saiti guda na dakusassu. Wanda bai iya wāshi ba tukuna yana iya sayen mai bakin kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, wanda ake juya masa gefe in ya dakushe.

Katako

A nan ne muke da abin da waɗancan masu gareji ke biyan kuɗi su samu. Madobiya tana da launin zuma da duhun zane mai ɗaukar ido. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, tauri gare ta, tana ɗaukar sheƙi kamar an shafa mata mai, sai dai tana cin kaifin kurfi. Akwai kawo, da zuciyar tsamiya, da kanya. Maɗaci kuwa shi ne abokin mai koyo, domin yana yankuwa ba gardama, kuma ko'ina akwai guntayensa. Malaina da gawo sun yi laushi, fuskarsu ba ta da wani abin kallo, amma sun isa a koyi riƙon kurfi a kansu.

Ba sai ka sare bishiya ba. Abin da biro ɗaya ke ci guntu ne mai kaurin milimita 19 ta kowane gefe, tsawo kamar santimita 13. Irin wannan shara ce a wurin mai yin kujeru, ko a kasuwar 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano. Tsohuwar taɓarya da ta karye ma tana ba da biro da dama, kuma ta riga ta bushe shekara da shekaru. Abin lura ga mai tunanin sayarwa ƙasashen waje shi ne madobiya tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa wa ido tun 2017, fitar da ita sai da takarda.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wannan magana ba ta aiki a nan. Katakon da zai saura a bakin Slimline bai kai kaurin milimita ɗaya ba, an kuma liƙe shi a jikin ƙarfen da ba ya motsi. In da sauran ruwa a jikinsa, da hunturu ya busa sai ya tsuke ya tsage. Guntun da ba ka san tarihinsa ba, ka yanka shi, ka ajiye a inuwa wata biyu ko uku kafin ka taɓa.

Yanka da huda

Kafin ka sa zarto, ja layi da fensir a tsawon guntun, ya ratsa wurin da za ka raba shi biyu. Wannan layin ne zai nuna maka yadda za ka mayar da su baki da baki, zanen katakon ya gudana daga sama zuwa ƙasa kamar ba a taɓa yankawa ba. Kowane rabi ya fi bututunsa tsawo da milimita 3.

Ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a kan guntun, inda suka haɗu nan ne tsakiya. Damƙe shi a tsaye cak a bais, ka fara huda daga bakin da ka yanka. Sa injin a hankali, juyi 500 zuwa 800 a minti. Ka shiga kamar santimita ɗaya, ka fito ka zubar da gari, ka sake shiga. Garin da ya cushe shi ke kawo zafi, zafi kuwa shi ke fasa ƙirya da madobiya daga ciki ba ka gani ba. In ka ji ƙauri, ko bakin hudar ya fi ƙarfin taɓawa da yatsa, ka je ka sha ruwa ka dawo. Wajen fita ta ƙasa ne ake yawan ɓarna. Ka sa wani katako a ƙarƙashi ya tare, ka kuma sassauta hannu sosai a milimitocin ƙarshe.

Liƙi, inda na fara faɗuwa

Bututun yana zuwa da santsi, gam ba ya kama shi. Goga shi da sanfefa 150 har sheƙin ya mutu gaba ɗaya. Sannan ka toshe bakinsa don kada gam ya shiga ciki: yanka dankalin turawa fale-fale, ka danna bututun a kai, zai ɗauko 'yar toshiya daidai bakinsa. Kakin zuma ma yana yi.

Kwaɓa gam ɗin, ka shafa a cikin ramin da tsinken tsire, ka shafa a jikin bututun, sannan ka tura shi kana murɗawa, kana ɗan ja baya kana komawa, har gam ya game ko'ina. Kuskurena na farko shi ne ɗigo biyu na sufa gulu na sa a tsakiya na tura. Bakunan suka zauna ba abin da ke riƙe da su, da kurfi ya iso wurin da katako ya yi siriri sai ya ɗaga shi. Sufa gulu yana kuma iya kamewa bututu na rabin hanya, ya bar ka da shi a waje kamar harshen ƙadangare. Mai haɗi biyu yana ba ka lokacin gyara. Bututun ya nutse kaɗan ƙasa da bakin katako ta kowane gefe, ka bar shi ya kwana, ko da an rubuta minti biyar a jikin kwalin.

Washegari ka cire dankalin, ka kankare duk gam ɗin da ya shiga ciki. Sai ka share bakin katakon da abin sharewa har tagulla ta fito tana ƙyalli daidai da fuskar katako, ka tsaya nan. In ka ci bututun, biron zai gajarta, tsinin tawada ya riƙa leƙowa ko an rufe. In kuma bakin ya karkace, za a ga rata tsakanin katako da zobe, kuma ba sanfefar da za ta ɓoye ta.

A kan inji

Jera su a sanda: bushi, katako, bushi, katako, bushi, layin fensirinka yana fuskantar juna a tsakiya. Ɗaure notin da yatsu kawai. Wutsiyar injin ma, wato tsinin da ke tokare sandar ta ɗaya gefen, ta taɓa ƙarshen sandar ne, kada ta danne ta. Sandar siririya ce, in ka matsa sai ta lanƙwashe yadda ido ba ya gani, biron ya fito da siffar ƙwai, gefe ɗaya ya yi daidai da zobe ɗayan ya yi tudu.

Cire babbar riga, naɗe hannun taguwa, ajiye carbi da agogo. Sa tabarau da takunkumi, domin ƙurar madobiya da ta maɗaci tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Matso da majinginar kurfi kusa da katako, ka juya shi da hannu ka tabbata kusurwa ba ta bugawa, sannan ka kunna. Abu siriri gudu yake so, juyi 2,500 zuwa 3,000. Kurfi ya fara zama a kan majingina kafin ya taɓa katako, ka kwantar da bayan bakinsa a jiki, ka ɗaga ƙota a hankali har ya fara ci. Da farko za ka ji "kar-kar-kar" na kusurwoyi, can sai ƙarar ta koma shuuu, siraran ɓawo suna zubo maka a bayan hannu. A kusa da bakuna ka riƙa yanka daga tsakiya zuwa waje, kaɗan-kaɗan. Biron farko ka yi shi miƙaƙƙe ko da ɗan ciki kaɗan, ado ya jira. Ka tsaya katako yana ɗan sama da bushi, yadda farce zai ji tudun, sanfefa za ta cinye sauran.

Cire majingina, rage gudu zuwa kamar 1,000. Fara da 150, sai 240, 320, 400, 600, kada ka tsallake ko ɗaya. Bayan kowace lamba ka kashe inji ka goga a tsawon katakon, shi ke share zobban ƙarzuwa da ke fitowa ɓaro-ɓaro bayan an sa sheƙi. Kada sanfefa ta hau bushi ta dawo kan katako, baƙin ƙarfe za ta kwaso ta shafa maka.

Sheƙi iri biyu ne. Kakin zuma da ɗan mai, a goga inji na gudu har ya ɗumama, yana da sauƙi da daɗin taɓawa, sai dai gumin hannu yana cinye shi cikin 'yan makonni. Mai ɗorewa shi ne sufa gulu: ɗigo biyu ko uku a kan naɗaɗɗiyar takardar goge hannu, inji a hankali, ka shafa sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ka bari ya bushe, ka maimaita sau shida zuwa takwas. Daga nan ka lallaɓa shi da sanfefa mafi laushi da ɗan ruwa, ka goge da man goge fentin mota. Ka yi a inda iska ke shiga don tururinsa na sa hawaye. Kada ka yi amfani da tsumman auduga, sufa gulu na ɗaukar zafi a jikinsa har ya yi hayaƙi, kuma kada ka taɓa naɗa tsumma a yatsa kusa da abin da ke juyawa. In bushi ya manne, zagaya mahaɗar da reza kafin ka ɓalle shi.

Haɗawa

Shimfiɗa komai a kan tebur yadda zai zauna. Liƙa guntun fata ko katako mai laushi a haƙoran bais. Guduma ba ta da aiki a nan. Fara matse tsinin baki a ƙasan rabin farko, a miƙe, in ka ga ya karkata ka saki ka gyara. Sai abin murɗawa ta ɗaya bakin, ɓangaren tagullar ne ke shiga ciki. A nan ka riƙe numfashi: tura shi ka tsaya kafin ka kai 'yar tsagar da ke jikinsa, ka ɗaura bututun tawada, ka murɗa ka ga iya fitowar tsini. Bai isa ba, ka cire tawadar ka ƙara matsawa rabin milimita, ka sake gwadawa. Turawa gaba abu ne mai sauƙi, dawo da shi baya kuwa sai an kwance biron da ƙusar bugu ta musamman.

Matse hular sama tare da maƙalin aljihu a ɗaya rabin, ka juya maƙalin ya rufe duk wani ɗan tabo da katakon ke da shi. Zura zoben tsakiya, ka tura rabin sama da hannu kana juyawa har zanen katakon ya haɗu, biron yana rufe. Sai ka nemo takarda ka gwada shi da sunanka.